Ni da Gaju

Da asuba, tun raɓa na kwance a ganyen ayaba,
surukata Nyirabagenzi ta durƙusa gefen Gaju,
ta wanke mata hantsa da ruwan ɗumi,
tana yi mata kirari ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon bashi.
Tsirr, tsirr, cikin ƙoƙon itace.
Ni ina bakin ƙofa, na ɗaure ƙirji da tsohon zane,
ɗauri biyu, har numfashi na fita da ƙyar.

Wata goma sha biyar, Mutoni,
kina ci daga jikina ba ki taɓa jin an ce babu ba.
Ran Litinin motar kamfani za ta tsaya a mararrabar Kitabi,
mai rajista zai kira sunana,
kwandon ganyen shayi zai hau inda kike hawa.
Baya ɗaya gare ni, 'yata.

Malamar asibiti ta ce a tafasa, a tace, a bari ta huce,
kada a sa sukari, a fara da kaɗan.
Ba ta faɗa mini yadda zan yi da hannunki ba,
ɗan hannun nan da ya san hanyar wuyan rigata
ko cikin duhu, ko cikin barci.

Ranar farko kika kurɓa, kika dube ni,
kika furzar a kan ƙafata,
kika kawar da kai kamar wadda aka zaga.
Rana ta biyu kika ture ƙoƙon.
Madara ta bi ƙasa tana neman rami,
kakarki ta tsane ta da busasshiyar ciyawa,
ta ce a tsaunukan nan ba a taka madara.

Daren nan na juya miki baya, na fuskanci bango.
Kina tonon kafaɗata, kina kiran abin da ba ki san sunansa ba.
Ƙirjina duwatsu biyu da aka ciro daga murhu,
ganyen kabejin da na sa ya yi laushi, ya dahu.
Da kika gaji, kika yi shiru,
sai na ji wani kukan daga waje.
Maraƙi ne, an ɗaure shi a gindin piya,
uwarsa na amsa masa daga garke,
igiya kamu uku tsakaninsu.

Na fita ba takalmi.
Na jingina goshi a haƙarƙarin Gaju,
tana ɗiga a kan ciyawa, ina ɗiga a cikin zane.
Ashe abin da nake ɗura miki da rana
daga bakin wani ɗan ake karɓo shi.
Na kwance igiyar.
Ya ruga yana tuntuɓe, ya tunkuyi hantsa, jela na rawa,
na tsaya ina ƙirga numfashina har ɗari,
sannan na janye shi, da ƙyar.

Da safe ƙoƙo bai cika ba.
Kakarki ta dubi ƙoƙo, ta dubi taɓon da ke ƙafata,
ta ce, “Gaju ta yi rowa yau,”
ta ɗora tukunya.

Rana ta biyar kika kama ƙoƙo da hannu biyu.
Na ji ƙwat, ƙwat, a maƙogwaronki,
kika ɗago da farin gashin baki, kina dariya,
kika miƙa wa kakarki, ki ga ƙari.
Ba ki waiwayo ni ba.
Ni na roƙi Allah ki sha.
Ni na roƙa, dare huɗu.
To mene ne wannan da ya tsaya mini a wuya?

Litinin ta zo da yayyafi.
Na ɗauki kwando, na ji shi sakayau.
Kina bayan kakarki kina wasa da kunnenta.
Da na wuce garke Gaju ta ɗago kai,
ciyawa a baki, ta daina tauna.
Muka dubi juna.
Mota ta yi oda a ƙasan tudu,
na ƙara ɗaure zanen, na gangara.